Ba A Riga Farfesa Gamawa

Shekara biyu na kwashe ina zarya daga wannan ofis zuwa wancan kafin a ba ni izinin ɗora wa likitoci hular nan a ka, amma cikin sati uku mutum ɗaya ya wargaza mini komai, kuma bai yi niyyar ɓata ko da zare ɗaya ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da da gangan ya yi, da na san wanda zan tsana in huta.

Sunana Yeom Mi-ran. Ni ba likitar tiyata ba ce, aikin ƙwaƙwalwa na karanta, don haka a asibitin koyarwarmu na birnin Daegu sai an gama gaida kowa sannan a tuna da ni. Hular kuwa ba wani abin tsoro ba ce. Roba ce mai soso biyu da ake jiƙawa da ruwan gishiri, sai waya zuwa wani ɗan akwatin batir. Lantarkin da take sakewa bai wuce a ji ƙaiƙayi a fatar kai ba. Ba tsaga, ba allura. Tambayata guda ce: idan matashin likita ya sa ta minti ashirin yana koyon ɗinki, hannunsa zai fi saurin kamawa ko ba zai fi ba? Wasu masu bincike sun ce zai fi, wasu sun ce tatsuniya ce. Ni dai so nake in sani. An ba ni sati biyar da likitoci goma sha shida masu neman ƙwarewa in nemo amsar, kuma ranar da sati biyar ɗin suka cika, izinin ya ƙare.

Ɗinkin da suke koyo na tiyatar da ba a buɗe ciki ne, wadda ake huda ƙananan ramuka a zura kyamara da dogayen hantsaki, likita yana kallon allo yana aiki. Kullum ƙarfe huɗu na yamma suke haɗuwa a ɗaki ɗaya, don shi ne kawai lokacin da ake sakin su. Kowa da akwatinsa, a ciki akwai fatar roba da allura da zare. Ka ɗinke, ka ƙulla sau uku, ka ajiye hantsaki, agogo ya tsaya. Rabinsu hular gaske ce a kansu, rabinsu ta bogi, wadda ke ɗan yi musu ƙaiƙayi ta mutu. Ba su san wacce ce tasu ba, ni ma ban sani ba, haka ƙa'idar take.

Sati biyun farko komai lafiya lau. Lokutansu suna ta sauka, wasu da sauri, wasu a hankali, daidai yadda mai bincike ke so. Akwai wata Pyo Se-ra, wadda ke shekara ta uku a horon ƙwarewa, siririya mai yawan hamma, wadda ta fara da minti biyar ta sauko ƙasa da minti biyu. Kallon hannunta ma daɗi gare shi. Har na fara tsara taken rahotona a cikin bas.

Ran Litinin ta sati na uku ƙofa ta buɗe, ɗakin ya miƙe tsaye gaba ɗaya, huluna a ka, wayoyi suna reto. Farfesa Tak Gwang-ho ne, shugaban sashen tiyata, ɗan shekara sittin da ɗaya. Ba zan rage masa komai ba, a buɗe ciki a yi aiki da hannu babu kamarsa a asibitin nan. Amma aikin kyamara ya zo ne bayan kansa ya fara furfura, ya bar wa yara, bai taɓa zama ya koya ba.

"Malama Yeom," in ji shi, "an ce kina dafa wa yarana ƙwaƙwalwa."

"Ɗumamawa dai, Farfesa."

Ya yi dariya, ɗakin ya yi dariya. Ya cire farar rigarsa ya miƙa wa na kusa da shi. "To a ɗumama tawa. Shugaban da bai ɗanɗana abin da ake ba yaransa ba, ai ba shugaba ba ne."

Ya kamata in ce a'a. A takardata an rubuta ƙarara cewa ba a ƙara kowa bayan an fara. Amma sa hannunsa ne na farko a kan takardar, kuma idanu talatin da biyu suna kaina. Na jiƙa soso na ɗora masa, ina ce wa raina ai ba zan sa sakamakonsa a lissafi ba, mene ne a ciki. Ya zauna a kujerar tsakiya, ya yi ta kokawa da allura yana huci, ya gama a minti huɗu da daƙiƙa goma, ya ajiye hantsaki ƙwal a kan tebur.

Sai na ji ƙwal, ƙwal, ƙwal, ɗaya bayan ɗaya. Na duba kwamfuta. Babu wanda ya gama ƙasa da minti huɗu da ashirin. Se-ra, huɗu da talatin da biyar.

Na ce gajiya ce, Litinin ce. Talata ya dawo, aka maimaita. Laraba ya sauko minti huɗu daidai, su ma duk suka sauko, suka jeru a bayansa kamar 'yan agwagwa. Ran Alhamis na kunna bidiyon cikin akwatin Se-ra, na ga abin da ya sa na kusa jifa da kofin kofina. Yarinyar nan ta gama ɗinki, ta yi ƙulli biyu cikin minti ɗaya da rabi, sannan ta tsaya cak, zare a bakin hantsaki. Ta saki allura da gangan, ta ɗauka. Ta sake saki. Ta yi ta shafa fatar roba tana jira, har aka ji ƙwal daga kujerar tsakiya, sannan ta ƙirga 'yan daƙiƙoƙi ta ƙulla na uku.

Na same ta a ɗakin cin abinci tana kurɓar miyar ƙashin sa, idanu rabi a rufe. Na dire tirena a gabanta.

"Ke, me ya sami hannunki?"

"Lafiyarsa ƙalau, Yaya." Haka take kirana idan babu manya a kusa.

"Lafiyarsa ƙalau, yake zubar da allura sau biyu? Na kalli bidiyon."

Ta ajiye cokali. "Haba Yaya. Sai ka ce ba a garin nan aka haife ki ba. In riga Farfesa gamawa? A gaban mutane?"

"Gwaji ne! Akwati ne da roba!"

"A gidanku kina ɗaukar cokali kafin babanki ya ɗauka?"

"Wannan daban."

"Ina bambancin? Ke in kin gama rubutunki kin kama gabanki. Ni shekara goma zan yi a tsaye kusa da shi, kuma shi zai rubuta takardar da za ta kai ni gaba ko ta zaunar da ni. Ki ce in nuna wa duniya na ninka shi sauri? Tabɗi."

"Wa ya ce ku yi haka? Babbanku, wanda ya fi ku daɗewa a horon?"

"Ba wanda ya ce komai. Babban namu dai ya yi gyaran murya ran Litinin." Ta tura mini kwanon kimchi, tsimammen kabejin nan mai yaji. "Ci abinci, Yaya, fuskarki ta yi ja. Kin san abin da ya fi wuya? Jiran. Gara a ce in yi ɗinki goma da in riƙe zaren nan minti uku kafaɗata tana ciwo."

Na ci, don yunwa nake ji, amma ban huce ba.

Daga nan na shiga dabaru, kuma kowacce na ɗauko sai ta mutu a hannuna. Na sa labule tsakanin kujeru don kada su gan shi, suka koma sauraron ƙarar hantsakinsa. Na shimfiɗa tawul a teburinsa don ƙarar ta mutu, ashe in ya gama yana da wani dogon nishi da ake ji har bakin ƙofa. Na raba musu abin toshe kunne, suka koma leƙen takalmansa ta ƙarƙashin labule, don in ya gama yakan miƙe ƙafa. Likitoci goma sha shida, waɗanda suka fi kowa maki a makarantunsu, sun tattara basirarsu kaf a kan yadda za su kasa. Na je na ce masa na ware masa lokaci na musamman da safe, shi kaɗai, saboda girmansa. Ya ce, "A'a, a'a, ni da yarana. Ba ki ga yadda zuwana yake ƙarfafa musu gwiwa ba?" Kuma ya ce a riƙa liƙa sakamakon kowace rana a bango, don a yi gasa.

Ni ce na riƙa liƙawa. Da hannuna. Kullum sunansa a sama, kullum in ce, "Sannu da ƙoƙari, Farfesa." Ina zagin yara a zuciyata saboda ragwanci, ina kuma danna fil a takardar ƙarya.

Ran Litinin ta sati na biyar ya kira ni ofishinsa. Ya haɗa mini kofi da kansa, abin da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba.

"Malama Yeom, hularki tana aiki. Ni ne shaida. Tsoho kamata, sati biyu ina gaban yara goma sha shida. Zan rubuta wa kwamiti su ƙara miki shekara uku, da sababbin ɗalibai, da ɗaki mafi girma."

Shekara uku! Da sababbin ɗalibai zan iya sake komai daga farko, in kulle ƙofa, in sami amsata. Abin da kawai ake so daga gare ni shi ne in sha kofi in yi godiya.

"Kuma," ya ci gaba, "ran Alhamis akwai wata Madam Ok, mai sayar da busasshen kifi a kasuwa. Za a yanke mata wani yanki na hanji a haɗa a ɗinke. Da buɗe ta zan yi, amma ta roƙi a yi mata na ramuka don ta koma rumfarta da wuri. Da sai in ba yara. Yanzu kuwa me zai sa? Wanda ya fi kowa sauri ai shi ya kamata ya yi."

Na ce, "Haka ne, Farfesa." Na sunkuya, na fito. Abin da bakina ya faɗa ke nan, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Na tare Se-ra a matakala. Ta riga ta ji, duk sashen ya ji.

"To sai ku faɗa masa," na ce.

"Mu?"

"Ku kuka haƙa ramin."

"Yaya, in babbanmu ya buɗe baki, ya gama aiki a garin nan. Ni kuwa ko tari ban isa in yi ba." Hamma ta ɓace daga fuskarta. "Za mu tsaya kusa da shi. In abu ya rikice sai a buɗe cikin, ai ya iya wannan."

"Bayan ya yi awa nawa yana lalube a hanjin matar mutane?"

Ta kalli takalmanta, sannan ta ce a hankali, "Ke kaɗai ce ba a ƙarƙashinsa kike ba."

Ƙarya ne, ina ƙarƙashinsa, shekara ukuna suna cikin alƙalaminsa. Talata na wuni ina kai-kawo. Na ce wa kaina minti huɗu ba wani mugun lokaci ba ne. Na ce ni ba likita ba ce, ba ruwana da wanda ya yanka wa. Na bi ta ɗakin marasa lafiya, wai hanya ce, na hango matar zaune a kan gado tana ɓare wa maƙwabciyarta lemo, tana faɗa da ɗanta a waya kan ya rufe kifi kada ruwa ya taɓa. Na ji haushinta ita ma, don da ban gan ta ba da ya fi mini sauƙi.

Laraba da safe na ɗauki kwamfutata na ƙwanƙwasa ƙofarsa.

"Farfesa, akwai abin da nake so ku gani. Ku yi haƙuri."

Ban yi bayani ba, don na san in na fara zan lanƙwasa maganar har ta zama yabo. Na raba allon biyu, hannunsa a hagu, na Se-ra a dama, agogo a ƙasa. Ya sa tabarau yana murmushi. A minti ɗaya da rabi na dama ya tsaya. Allura ta faɗi, aka ɗauka, ta sake faɗi. Na hagu yana ta fama, zare yana kuɓucewa. Murmushin ya tafi. Na nuna masa na wani yaron, da na wani. A na huɗu ya ɗaga hannu.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Dukansu?"

"Dukansu."

"Ke kuma kina liƙawa a bango."

"Ina liƙawa."

Na jira tsawa. Na ma shirya mata, na ƙudurta in ya ɗaga murya ni ma yau zan ɗaga tawa, in amayar da duk abin da na haɗiye sati uku. Bai ba ni wannan damar ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, yana kallon taga.

"Lokacin da nake kamarsu," in ji shi, "malaminmu hannunsa ya fara rawa. In muna rufe ciki, shi ta can ni ta nan, sai in riƙa jan ƙafa don mu isa tsakiya tare. Shekara huɗu ina yi. In mun fita mu yi ta yi masa dariya a wurin shan giya, muna cewa wane irin mutum ne wannan da ba ya gani." Ya mayar da tabarau cikin aljihu. "Ashe ba a gani."

Sai na ce abin da ya dame ni. "Farfesa, sakamakon sati uku duk shara ne. Yaran nan kuma sun riga sun iya, ba za a sake gwada su ba. Dole in rubuta wa kwamiti gaskiya."

"Ki rubuta. Ki sa sunana." Ya ja wata takarda daga gefen tebur, wasiƙar da ya yi mini alkawari ce, har ya sa hannu. Ya duba ta. "Wannan kuwa, shaidar da ke cikinta ni ne. Ba zan iya aika ta ba."

"Na sani."

Ya ninke ta biyu ya sa a aljihun tebur. Na tsaya ina kallon shekara uku suna shiga cikin aljihun tebur, na kuma sunkuya na yi sallama yadda aka koya mini.

Ran Alhamis na tsaya bayan gilashin ɗakin tiyata. Se-ra ce a wurin mai yin tiyatar. Farfesa Tak yana gefenta riƙe da kyamara, aikin da ake ba ɗan shekarar farko. Nas-nas ɗin sun rasa inda za su sa idanunsu. Sau biyu ya yi magana, ya nuna mata wata jijiya da shi kaɗai ya san za ta ɓuya a wurin, sauran lokacin bakinsa a rufe. Aikin ya tafi sumul. Aka fitar da Madam Ok kafin azahar, da 'yan filasta huɗu a ciki.

Ni kuwa na koma ɗakina na rubuta rahoto mafi gajarta a rayuwata. Washegari na kai, sakatariyar kwamiti ta karanta a tsaye, ta ce mini ɗakin gwajin za a mayar da shi wurin ajiyar gadaje daga Litinin. Na kwashe hulunan cikin kwali, sosunan ko bushewa ba su gama yi ba.

Ina tafe a baranda da kwalin a ƙirji, sai ga shi ya ɓullo daga zagayen marasa lafiya, yaransa a bayansa jere bisa shekaru. Na matsa jikin bango in ba su hanya. Ya tsaya, duk suka tsaya.

"Malama Yeom. To a ƙarshe, hular tana aiki ko ba ta aiki?"

"Ban sani ba, Farfesa." Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so. "Shekara biyu, kuma ban sani ba."

Ya gyara tsayuwa, ya haɗa ƙafafunsa, ya sa hannuwa a gefe. Sannan shugaban sashen tiyata ya sunkuya mini, sunkuyo na sosai, har na ga tsakiyar kansa inda gashi ya ƙare, kuma bai ɗago ba.

Baranda ta rikice. Ba a tsayawa a miƙe alhali Farfesa yana sunkuye, ba a kuma barin kansa ya fi na yaro yin ƙasa. Likitoci goma sha shida suka rufta gaba ɗaya, kowa yana leƙen na kusa da shi yana ƙara yin ƙasa, alƙaluma suna zubowa daga aljihu, wani ya gwara goshi da keken magani ya haɗiye kukansa. Ni kaɗai ce a tsaye, don kwalin ya hana ni lanƙwasawa.

Hawaye suka cika mini ido, na takaici ne ko na mene ne, oho. Na ce, "Don Allah ku ɗago, Farfesa. In ba ku ɗago ba, yaran nan a nan za su wuni."